Substitute da Replacement: Ɗaya Riƙon Ƙwarya, Ɗaya Magaji

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo. Duk inda na ci karo da substitute ko replacement, sai kawai in ce "wanda ya maye gurbi". Rannan edita ya dawo mini da takardata ya ce kalmomin ba ɗaya ba ne, bai kuma tsaya yi mini bayani ba. Na buɗe ƙamus, sai na tarar an fassara kowacce da 'yar'uwarta. Ina bambancin yake?

Amsa: Ƙanena, editanka ya yi gaskiya, ƙamus ɗin ma bai yi maka ƙarya ba. Akwai jimloli da yawa da Bature zai jefa kowacce daga cikin biyun, ba wanda zai ɗaga kai. Amma akwai inda in ka sa wannan a mazaunin waccan ka juya labari, kuma irin waɗannan wuraren ba su da wuyar samu a teburin labarai.

Bari mu fara da abin da ka sani tun kana makarantar allo. Matafiyi ne lokacin salla ya riske shi a daji, ba ruwa, sai ya yi taimama. Taimamar nan ta yi masa aikin alwala, sallarsa ta yi. Amma ba malamin da zai ce maka taimama ta ture alwala daga matsayinta. Alwala ita ce asali, tana nan daram, ruwa na samuwa taimama ta tashi daga aiki. To wannan ita ce substitute. Sai kuma ka dubi butar da mutumin yake alwala da ita a gida. Ta tsage, ya yar da ita, ya je kasuwa ya sayo wata. Sabuwar butar ba riƙe wa tsohuwar wuri take yi ba, ba kuma mai jiran tsohuwar ta dawo. Wurin ya zama nata. Wannan ita ce replacement.

Malaman Turanci da dama sukan taƙaita zancen su ce substitute ta wucin gadi ce, replacement ta dindindin. Ni ma da haka na fara koyarwa, kuma sau da yawa ƙa'idar tana kai mutum gida. Sai dai tana da ɓaraka. Mai ciwon suga da ya bar sukari ya koma 'yar ƙwayar zaƙin nan da ake jefawa a shayi, ko zai shekara talatin yana sha, sunan abin sugar substitute. Daɗewa ba ta sa a ƙara masa girma. Ta ɗaya gefen kuma Bature yakan ce temporary replacement, bai kuwa yi kuskure ba. Ke nan ba tsawon lokaci ne kaɗai ya raba su ba.

Abin da ya raba su shi ne inda idon mai magana yake. In ya ce substitute, idonsa na kan abu na asali. Har yanzu da shi ake gwaji, wannan da ya zo aikinsa kawai yake yi. In kuwa ya ce replacement, idonsa na kan gurbin da aka bari. Na da ya tafi, ko lalacewa ya yi, ko ɓata, ko mutuwa, ko korarsa aka yi, ga wanda ya zauna a wurin.

Asalin kalmomin ma ya nuna haka. Substitute daga Latin ta fito, haɗin kalma biyu ne: sub, wato ƙarƙashi, da statuere, wato kafawa ko tsayarwa. Abin da aka tsayar a ƙarƙashin wani. Shi ya sa har yau kalmar ba ta rabu da ɗan ƙaurin nan na "bai kai na asali ba". Za ka ji an ce a poor substitute, wato madadin da bai taka kara ya karya ba. Za ka ji an ce there is no substitute for experience, ma'ana ba abin da zai yi maka aikin gogewa. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan ma'ana tun tuni da ya ce a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Uwar ɗaki za ta ciyar da kai, ta tufatar da kai, ta tsaya maka ranar biki, amma karin maganar da kansa ya tuna maka cewa rashi ne ya kawo ta.

Akwai misalin da nake son bai wa ɗalibai, don a cikinsa kalmomin biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idojin tallata madarar jarirai ta gwangwani da makamantanta. Sunan da ta ba waɗannan kayayyaki shi ne breast-milk substitutes. Sunan da kansa yana gaya wa uwa cewa nononta ne asali, na gwangwani a bayansa yake. Amma hukumar nan dai, in tana magana a kan jaririn da ba ya shan nono kwata-kwata saboda wani dalili na lafiya, madara kaɗai ake ba shi, sai ta kira wannan ciyarwa replacement feeding. Madarar ba ta canja ba, gwangwanin ma shi ne. Abin da ya canja shi ne nono ya fita daga lissafi, sai kalmar ta bi.

Ita kuwa replace haɗin re ne, wato sakewa, da place, wato ajiyewa a wuri. Tana da wata tsohuwar ma'ana da masu fassara ke yawan tuntuɓe a kanta: mayar da abu inda yake. In ka ɗauki kwalbar maganin tari ka ga an rubuta replace the cap after use, ba cewa aka yi ka nemo sabon murfi ba. Cewa aka yi in ka gama ka mayar da murfin ka rufe. Na taɓa ganin an fassara shi da "a sauya murfi bayan an yi amfani", na ce to, kullum mai tari ya sha cokali biyu sai ya fita neman murfi ke nan.

Daga wannan asali ne replacement ta gaji wata ɗabi'a: galibi irin abin da ya tafi take kawowa. Layin wayarka ya ɓata, ka je ofishin kamfani aka ba ka sabon kati da lambarka ta da, wannan SIM replacement ne, abin da mutanenmu ke kira walkam bak. Ba za ka taɓa jin SIM substitute ba. Haka katin cire kuɗi, haka gilashin mota, haka gwiwar da likitoci suka cire suka dasa ta ƙarfe, knee replacement suke cewa, don tsohuwar ba za ta koma ba. Substitute kuwa sau da yawa wani jinsi ne daban da ke biyan buƙata ɗaya. Awara a maimakon nama. Gawayi in gas ya yi tsada. Masana tattalin arziki substitute goods suke kiran irin waɗannan, kayan da in ɗaya ya yi tashin gwauron zabi mutane su karkata ga ɗayan. Gawayi bai kori gas daga kasuwa ba, ranar da gas ya sauko uwargida za ta koma.

In aka zo kan mutane, tarihin ƙasar nan ya isa darasi. A watan Nuwamba 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya. Ranar 9 ga Fabrairu 2010 Majalisar Tarayya ta ayyana Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa. Kalmar da tsarin mulki ke amfani da ita a nan acting ce, amma ma'anar ta gidan substitute ce: yana aikin shugaba, kujera kuwa da mai ita. Ranar 5 ga Mayu 2010 Allah ya yi wa 'Yar'aduwa rasuwa, washegari aka rantsar da Jonathan cikakken shugaba. Mutum ɗaya, ofis ɗaya, amma ya tashi daga riƙon ƙwarya ya zama magaji. Kujerar mataimaki da ya bari kuma ta zama gurbi, aka shiga neman replacement, aka ɗauko Namadi Sambo daga gidan gwamnatin Kaduna. Ba jaridar da za ta kira Sambo substitute, don Jonathan ba dawowa zai yi ya karɓi kujerar mataimaki ba.

Haka abin yake a makaranta. A Amurka, malamin da ake kira ya riƙe aji ranar da mai ajin ba shi da lafiya sunansa substitute teacher, a Ingila kuma supply teacher. In mai ajin ya yi ritaya, wanda aka ɗauka shi ne replacement ɗinsa. Akwai ma wani tsohon amfani mai ban sha'awa. Lokacin yaƙin basasar Amurka, dokar tilasta shiga soja ta 1863 ta yarda wanda ƙuri'a ta faɗo a kansa ya biya dala 300 a ƙyale shi, ko ya ɗauki hayar wani ya tafi fagen fama a madadinsa. Wanda aka ɗauka hayar substitute ake ce masa. Grover Cleveland, wanda daga baya ya shugabanci Amurka, haka ya yi. Ka ga a nan wakili ne sak: nauyin na wani ne, shi dai ya ɗauka masa.

Na san abin da za ka ce, tunda ka fi fassara labarin wasanni fiye da na majalisa: ai a ƙwallon ƙafa in an sako ɗan wasa daga benci, wanda aka cire ba ya dawowa a wannan wasan, amma duk da haka substitute ake cewa. Gaskiya ne. Dalilin yana cikin yadda abin ya faro. A gasar lig ta Ingila sai a kakar 1965 aka fara yarda da canji, shi ma mutum ɗaya, kuma sai in wani ya ji rauni. Ranar 21 ga Agusta 1965 Keith Peacock na Charlton ya zama na farko, bayan golansu ya ji ciwo a wasa da Bolton. Gasar cin kofin duniya ba ta karɓi canji ba sai 1970 a Mekziko. Yau ana canja har mutum biyar, tun lokacin annobar korona a 2020, amma sunan bai canja ba, don tunanin bai canja ba. Sha ɗayan farko su ne asali, na benci ya shigo ne ya ƙarasa aikin wani, mako mai zuwa mai wuri zai koma wurinsa. Ko da kuwa na bencin ne ya ci wasan. A wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Atlanta a 1996, Emmanuel Amunike daga benci ya taso ya ci Ajantina ƙwallo ta uku da ta ba Nijeriya zinare, bai hana a rubuta shi substitute ba.

Kwatanta da abin da ya sami Senegal a 2022. Sadio Mané ya ji rauni a Bayern Munich dab da gasar cin kofin duniya ta Ƙatar, aka cire sunansa daga tawaga, aka kira Moussa N'Diaye. Wannan replacement ne, don gurbi ne a jerin sunaye aka cike, Mané ba zai buga gasar ba sam. Haka in kulob ya sayar da ɗan wasan gabansa ya shiga kasuwa, replacement yake nema. Amma kada ka ɗauka harshe lissafi ne. A wasan rugby, waɗanda ke zaune a benci replacements ake ce musu. Al'adar kowane fanni tana da nata ikon, kuma in al'ada ta zaɓi kalma, ba ruwanta da ƙa'idar malami.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don bambancin sunayen biyu in ka kuskure shi ba kasafai yake ɓarna ba. Ɓarnar tana wajen aikatau. Dubi jimlolin nan biyu:

Replace butter with margarine.
Substitute margarine for butter.

Ma'anarsu ɗaya ce: ajiye bota, ɗauki majarin. Amma ka lura sun yi hannun riga wajen jeri. Da replace, abin da za a cire ne ke zuwa farko. Da substitute, abin da za a sako ne ke zuwa farko. Wanda ya saba da ta farko, idonsa na gudu a kan takarda, sai ya karanta ta biyu a juye.

Ni kaina na faɗa ramin. Shekarun baya aka ba ni wata 'yar takardar wayar da kai ga masu hawan jini in fassara wa wani asibiti. A ciki akwai substitute fish for red meat. Ina sauri, na rubuta "a musanya kifi da jan nama", na miƙa. Aka buga, aka kai ɗakin jira. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta kira ni a waya tana dariya. Wai tana karanta wa marasa lafiya da safe, tana kaiwa wannan layin wani dattijo ya gyara zama a kan benci ya ce, "Alhamdu lillahi, 'yar nan, yau dai likita ya ce mu bar kifi mu koma tsire." Abin da takardar ke nufi kuwa a rage jan nama a koma kifi. Na yi laifi biyu a layi ɗaya: na karanta Turancin a juye, na kuma zaɓi "musanya", wadda a Hausa ma ba ta faɗin wanne ya shiga wanne ya fita. Sai da aka tattara takardun aka sake bugawa. Tun daga ranar ban ƙara rubuta "musanya wannan da wancan" a takardar lafiya ba. "Ku ci kifi a maimakon jan nama" nake rubutawa, ko yaro ya ji ya gane.

Abin ya ƙara dagulewa don Turawan da kansu sun cakuɗa. Yanzu za ka ga an rubuta substitute butter with margarine, an ara wa substitute jerin replace. Tsofaffin masu gyaran rubutu suna ƙyamar wannan, amma ya yaɗu har ƙamusoshi sun karɓe shi. Abin da zai cece ka shi ne ƙaramar kalmar da ke tsakiya. In for ce, wanda ya zo kafin ita shi ne sabo. In with ce ko by, wanda ya zo kafin ita shi ne tsoho. Ɗalibi mai shirin jarrabawa dai ya riƙe tsohon tsari, substitute da for, replace da with, ba mai makin da zai soke shi.

A labarin siyasa wannan ba wasa ba ne. Dokar zaɓen Nijeriya substitution take kiran sauya ɗan takara, duk da cewa sauyin na dindindin ne, wata shaidar cewa lauyoyi ma da tasu al'adar. Ka tuna jihar Ribas. Rotimi Amaechi ne ya ci zaɓen fid da gwani na PDP, jam'iyya ta cire sunansa ta sa na Celestine Omehia, Omehia ya ci zaɓen 2007 aka rantsar da shi, sai a watan Oktoba na shekarar Kotun Ƙoli ta ce Amaechi ne halattaccen ɗan takara, ya karɓi kujera. Mai rubuta wannan labari zai iya cewa the party substituted Omehia for Amaechi, zai kuma iya cewa the party substituted Amaechi with Omehia. Duka biyun abu ɗaya suke faɗi, sunayen ne suka yi musayar wuri. Mai fassarar da bai kula da for da with ba, a ɗaya daga cikinsu sai ya sanar wa duniya cewa Omehia aka cire.

A ƙwallo kuma an ƙara gishiri. In aka ce ɗan wasa was substituted a minti na 60, nufin shi ne an cire shi. Amma in aka ce Musa substituted for Audu, Musa ne ya shigo. Mafi muni ita ce Musa was substituted for Audu. A tsohuwar ƙa'ida Musa ne ya shigo, a bakin 'yan jaridar wasanni da yawa kuwa Musa ne ya fita. Wannan jimlar ba nahawun da zai warware maka ita, sai ka duba jerin waɗanda suka fara wasan.

Dangane da Hausar da za ka sa, matsalarka ita ce ka ɗora wa "maye gurbi" kayan da ya fi ƙarfinta. Ita ta replacement ce, don akwai gurbi a cikinta, gurbi kuwa sai an tashi ake samunsa. Tare da ita akwai magaji in mutum ne ya gaji kujera, akwai "sabo" kawai in kaya ne, kamar sabon kati ko sabuwar taya. Ga substitute kuwa Hausa ta fi Turanci wadata. In abinci ne ko magani ko kaya, madadi ko "a maimakon". In mutum ne ke riƙe ofis, muƙaddashi ko mai riƙon ƙwarya. In liman ne bai fito ba, na'ibi. In aike ne, wakili. In ƙwallo ce, ka faɗi yadda masu kallo ke faɗi a gidan kallo: an yi canji, an cire wane, an sako wane. Masu sauraronka ba sa ganin takardar da ke hannunka, ba kuma za su ce ka maimaita ba, don haka kowane suna ka haɗa shi da aikinsa: wane ya fita, wane ya shigo. In ka koma ofis ka nemo takardar da edita ya dawo maka da ita, ka duba ko for ce a tsakiyar jimlar ko with.